DON ME DABBA KE HAIHUWAR NAKASASSHEN ƊA?

Duk wanda ya daɗe yana kiwo ya taɓa gani, ko kuwa ya ji labari. Akuya ta haihu, a duba ɗan a tarar ba shi da dubura. Saniya ta haifi maraƙi ƙafafunsa a lanƙwashe, ya kasa miƙewa ya kama nono. Tunkiya ta haifi ɗa tsirara babu gashi, ga maƙoƙo a wuya, ko yini bai yi ba ya mutu. Wata biyar ana ba akuya dusa da harawa, wata tara ana jiran saniya, duk ya tafi a banza. Wani lokaci ma uwar ta bi ɗan, domin karkataccen ɗa ba ya fitowa da sauƙi.

Idan haka ta faru a kan binne abin a ɓoye, a yi shiru. Wasu su ce iska ce, wasu su ce bakin mutane ne. A wani ƙauye da na yi aiki har gaba aka yi tsakanin maƙwabta biyu saboda 'yan awaki uku da aka haifa a shanye cikin wata guda. Da muka bi diddigi sai muka tarar bunsuru ɗaya ne ke barbara a unguwar shekara da shekaru, ya hau uwa, ya hau 'ya, ya hau jika. Allah ke halitta, wannan ba a ja. Amma akwai sababi, kuma da yawa daga cikin sabubban nan a hannun mai kiwo suke. Su wannan takarda za ta bayyana.

INDA WANNAN ILMI YA FITO

A ƙasar Amurka akwai wata ƙungiya ta masana wadda ba ta da aiki sai binciken nakasar da ake haihuwar mutum ko dabba da ita. An kafa ta a 1960 da sunan Ƙungiyar Teratoloji, watau ilmin tawayar halitta tun daga ciki. Manyan da suka kafa ta su uku ne: Dokta Josef Warkany, da Dokta James Wilson, da Dokta Clarke Fraser na ƙasar Kanada. A 1961 suka yi babban taronsu na farko a birnin Sinsinati, daga nan ya zama taron shekara-shekara. A 2019 suka canja suna, suka koma Ƙungiyar Binciken Nakasar Haihuwa da Rigakafinta.

Taron nasu ba na jawabin manya ba ne kawai. Likitan yara ya zo da labarin jariran da ya gani a asibiti, likitan dabbobi ya zo da na garke, mai gwada magani a jikin ɓeraye da zomaye ya zo da nasa. Kowa ya tashi ya karanta abin da ya gano, sauran su yi masa tambayoyi, su nemi inda ya yi kuskure. Abin da ya tsira daga wannan tankaɗe da rairaya shi ake bugawa a mujallarsu, wadda suka fara fitarwa a 1968. Gargaɗin nan da kake gani a jikin kwalbar magani, cewa kada a ba mai ciki, daga irin wannan bincike yake fitowa.

Dā can har likitocin Turai sun ɗauka cewa mahaifa ganuwa ce, babu abin da ke ƙetare ta ya taɓa ɗan tayi, kuma duk nakasa gado ce. Aladu ne suka fara ƙaryata su. A 1933 wani masanin kiwo a Jihar Tekzas, Fred Hale, ya ciyar da alade mace da abincin da babu bitamin A a ciki, sai ta haifi 'ya'ya 11, dukansu babu ƙwayar ido. A 1941 wani likitan ido a Ostareliya, Norman Gregg, ya lura cewa matan da suka yi ƙyandar Jamus da ƙaramin ciki suna haihuwar jarirai da yana a ido. Sa'an nan babbar masifa ta zo. Wani maganin barci mai suna talidomaid, wanda aka fara sayarwa a Jamus a 1957, ana kuma ba mata masu laulayi, ya sa aka haifi jarirai fiye da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu kafin a janye shi a 1961. Iyayen kuwa lafiyarsu lau. Tun daga nan aka san cewa abin da bai yi wa uwa kome ba yana iya lalata abin da ke cikinta.

FARKON CIKI SHI NE WURIN HATSARI

Ka ɗauki misalin magini. Idan ya karkata tubali a tushe, duk yadda ya gyara sama, katangar a karkace za ta tashi. Haka ɗan tayi yake. Ido, da zuciya, da laka, da hannu da ƙafa duk a makonnin farko ake tsara su. Abin da ya rage na watannin ciki girma ne da ƙiba.

Akuya da tunkiya suna ɗaukar ciki kwana 150 ko kusa da haka, saniya kuwa wajen kwana 280. A akuya da tunkiya wata na farko zuwa na biyu su ne na tsoro. A saniya wata uku na farko. Abin takaici, a daidai wannan lokaci ciki bai fito ba, mai dabba bai ma san ta ɗauka ba, shi ya sa yake yi mata abin da ba zai yi wa mai tsohon ciki ba.

Makiyayan tumaki na Jihar Aidaho a Amurka sun ga wannan da idonsu a shekarun 1950. Tumakinsu suka riƙa haihuwar 'ya'ya masu ido ɗaya tak a tsakiyar goshi. An zaci gado ne, aka bincika raguna, ba a sami kome ba. Ma'aikatan gona na gwamnatinsu suka shafe shekaru suna bin garke kan duwatsu suna duba abin da tumaki ke ci, har suka gano wata ciyawa mai faɗin ganye da ke fitowa a wurare masu damshi. Da aka gwada, sai aka ga tunkiyar da ta ci ta a rana ta 14 da ɗaukar ciki ita ke haihuwar mai ido ɗaya. Wadda ta ci bayan makonni, wata irin nakasa take haifarwa, ta ƙafa ko ta maƙogwaro. Maganin abin bai ci ko kwabo ba: a hana tumaki wannan makiyaya a farkon ciki.

Wannan ciyawa ba a ƙasarmu take ba, kada wani ya tafi nemanta. Amma taba muna da ita. A Amurka an ga aladun da suka ci karan taba da ciki sun haifi 'ya'ya masu karkatattun ƙafafu, wata tabar daji kuma danginta ta yi wa shanu da tumaki da awaki haka nan. Saboda haka manomin taba kada ya saki dabba mai ciki a gona bayan an cire ganye, kada kuma ya zubar da karan inda awaki za su kai baki.

MAGANIN TSUTSA DA AKE SAYE A KASUWA

A nan na fi so ku tsaya, domin nan na fi ganin ɓarna. Babbar ƙwayar nan ta tsutsar ciki mai suna albendazol magani ce mai kyau, tana kashe tsutsa, tana taɓa ƙwarin hanta, ga ta da araha. Amma kamfanonin da ke yin ta da kansu sun rubuta cewa kada a ba saniya a kwana 45 na farkon ciki, kada a ba tunkiya ko akuya a kwana 30 na farko. Tana iya sa ɓari, ko ta karkata ƙashin ɗan tayi. Mai talla a kasuwar ƙauye ba zai gaya maka haka ba, wataƙila shi ma bai karanta ba. Sau da yawa ma ƙwayar a tsirara ake sayar da ita, babu kwali babu takarda.

Za ka ce, “To Malam, ni ina na san ranar da akuyata ta ɗauka, alhali da safe ake sakinta sai magariba ta dawo?” Gaskiyarka. Shi ya sa dabara ita ce a ba da maganin a lokacin da aka tabbata babu ciki, watau 'yan kwanaki bayan haihuwa. Idan kuwa dabba ta rame, tana zawo, ba za a iya jira ba, a je wurin malamin dabbobi a gaya masa ana zaton ciki. Akwai wasu magungunan tsutsa da ba su da wannan illa, shi zai zaɓa. Kada kuma a ninka ƙwaya wai don ta fi aiki. Yawan da aka sha yana cikin abin da ke sa magani ya zama guba.

Allurar rigakafi ma haka. Wasu alluran da ƙwayar cuta mai rai ake yin su, an dai rage mata ƙarfi. Irin waɗannan akwai waɗanda ba a yi wa mai ciki. Ranar da masu allura suka zo gari, ka ware dabbobin da kake zaton suna da ciki ka nuna musu, su suka san wadda za a yi da wadda za a jinkirta. Ban ce a ɓoye dabba a ƙi allura ba.

YUNWAR RANI

Dabba tana iya cika ciki da kara da tattaka amma jikinta na yunwa. Bitamin A daga ɗanyen ganye dabba ke samunsa. Tana tara shi a hanta da damina, ajiyar ta kai ta 'yan watanni, sa'an nan ta ƙare. Busasshiyar ciyawar da rana ta ƙone ta yi fari kusan babu kome a cikinta. Saniyar da ta yi ciki a irin wannan hali tana iya haihuwar maraƙi makaho, ko rarrauna wanda ba ya iya tsayuwa.

Harawar wake da ta gyaɗa su ne maganin wannan, amma fa wadda ta bushe da korenta. A yanke ta kafin ganye ya zube, a shanya a inuwa, a ɗaure a ɗora a rumfa inda rana ba ta dukanta kullum. Harawar da ta shekara a kan soro ta koma fara, rabin amfaninta ya tafi. Gawo kuma da rani yake ganye, Allah ya yi shi daidai lokacin bukata. A sassabo kaɗan, ban da yi wa itacen kwalkwabo. Mai zogale a bayan gida ya riƙa tsinko wa mai ciki ko da dami ɗaya ne a mako.

Ɗan akuyan da aka haifa da maƙoƙo, babu gashi, alama ce ta rashin aidin a jikin uwar. Tun 1993 doka ta sa a riƙa zuba aidin a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya. Kanwa tana da nata amfani, amma ba ta maye gurbinsa. A nemi gishirin lasa na dabbobi, irin na dunƙule, a rataye a turke. In babu, a barbaɗa ɗan gishirin miya mai aidin a dusa.

CUTA DA GADO

Akwai wasu ƙwayoyin cuta da sauro da waɗansu ƙwari 'yan mitsi-mitsi ke ɗauka daga dabba zuwa dabba. Uwar ba ta nuna ciwo sosai, sai ranar haihuwa a ga ɗa da sandararrun gaɓoɓi, wuya a murɗe, wani kuma kansa ruwa ne maimakon ƙwaƙwalwa. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Akabane, ta yi wa shanun Japan ɓarna mai yawa daga 1972 zuwa 1975. Wata 'yar'uwarta ta ɓulla a Jamus a 2011 ta bazu a Turai. Danginsu an gano su a jikin shanu a Nijeriya tun shekarun 1960. Alamar wannan ita ce abin ya zo wa mutane da yawa a lokaci ɗaya, gida-gida, watanni kaɗan bayan damina. Idan ka ga haka, ba naka ba ne kai kaɗai, a gaggauta sanar da ofishin dabbobi. A kawar da turke daga bakin kududdufi, a riƙa yin hayaƙi da yamma.

Na gado kuwa a gida ɗaya ko unguwa ɗaya yake maimaituwa, shekara bayan shekara, iri ɗaya. Aibin yana ɓoye a jikin uba da uwa, dukansu lafiyayyu a ido, sai sun haɗu a ɗa ya bayyana. Idan jini ɗaya ne, haɗuwar ta fi sauƙi. 'Yar akuya tana iya ɗaukar ciki tun ba ta cika shekara ba, saboda haka bunsurun da ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu yana barbara a gida lalle ya fara hawan 'ya'yansa. A sayar da shi, ko a yi musanya da na wani gari mai nisa. Musanya da maƙwabci ba ta da amfani, awakinku duk dangi ne. Rago ko bunsuru mai ƙwai ɗaya, ko mai ƙaton cibi, ko wanda haɓarsa ba ta haɗu daidai ba, a dandaƙe shi a yi kiwon Salla da shi, kada a bar shi ya yi iri.

Ba kowace nakasa ce ta yanka ba. Ɗan da aka haifa babu dubura, likitan dabbobi yana iya buɗe masa idan an kai shi a ranar ko washegari. Wanda ƙafarsa ta ɗan lanƙwashe a wuyan ƙafa sau da yawa tana miƙewa idan an ɗaure ta da kara da tsumma mai laushi na 'yan kwanaki. Amma ko ya warke, na nama ne, ba na iri ba.

UWARGIDA MA TANA CIKIN MAGANAR

A yawancin gidajenmu awaki da tumaki na mata ne, su ke ba su ruwa, su ke karɓar haihuwarsu. Maigida, wannan sashe ka karanta mata, ko ka sa yaro ya karanta.

Mace mai ciki kada ta taɓa ɗan da dabba ta yi ɓarinsa, ko mabiyiya, ko shimfiɗar da ruwan haihuwa ya jiƙa. Wasu cututtukan da ke sa dabba ɓari suna kama mutum. Akwai guda da ke fitowa daga kashin kyanwa, ta shiga dusa ko harawa, ta sa tunkiya ɓari. Ita ɗin ce kuma idan ta kama mace da ciki take taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri. A rufe buhun dusa, a dafa nama ya nuna sosai, a tafasa madara kafin a sha.

Sai maganar irin shuka da aka garwaya da magani. A ƙarshen 1971 aka kai wa manoman Iraƙi irin alkama da sha'ir wanda aka cuɗa da maganin da ke da sinadarin makuri, an rina shi ja don gargaɗi. Irin ya iso a makare, shuka ta wuce a wurare da yawa. Rubutun da ke jikin buhu kuma ba da Larabci yake ba. Mutane suka wanke jan, suka ga ya fita, suka niƙa suka yi gurasa. Launi ya fita, guba tana nan. Mutum fiye da 6,000 aka kwantar a asibiti, fiye da 400 suka mutu a can, matan da suka ci da ciki kuma wasunsu suka haifi 'ya'ya da lalatacciyar ƙwaƙwalwa. An daina garwaya iri da makuri, amma maganin da ake sa wa iri yanzu ma guba ne. Irin da ya rage bayan shuka ba na tuwo ba ne, ba na kaji ba ne, ba na akuya ba ne, ko an wanke shi sau goma. Haka kuma mai ciki ba ta feshi, ba ta cuɗa iri da magani, ba ta wanke kayan da aka yi feshi da su. Galan ɗin maganin ƙwari kuwa a huda shi, kada ya koma na ruwa ko na man gyaɗa.

Abu mafi amfani da wannan fanni na bincike ya samo wa mata shi ne wata 'yar ƙwaya mai araha, folik asid. Laka da ƙwaƙwalwar jariri suna rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, tun mace ba ta tabbata ta yi ɓatan wata ba. Idan ba su rufe daidai ba, shi ne ake haihuwar jariri da ƙari a gadon baya, ƙafafu a shanye, sau da yawa kai ya yi ta girma. Wani babban gwaji da aka bayyana sakamakonsa a Ingila a 1991 ya tabbatar da cewa folik asid yana hana yawancin wannan. Abin da ake so shi ne maikurogiram 400 kullum, a fara tun kafin ciki ya shiga, a ci gaba har wata uku. Wadda ta jira sai ciki ya yi wata biyar ta je awo, ƙwayar za ta taimaki jininta, amma wancan aiki ya riga ya wuce. Amarya da mai shirin yaye su ya kamata su fara. Wake, da gyaɗa, da alayyahu, da zogale duk suna da shi, a yawaita su a miya, amma ba su isa su maye ƙwayar ba. Ƙyandar Jamus kuma tana da allurar rigakafi, a kai yara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai 240,000 ke mutuwa kowace shekara cikin kwana 28 na farko saboda nakasar haihuwa. Ta kuma ce wajen rabin irin wannan nakasa ba a iya danganta ta da wani sababi guda. Saboda haka matar da ta haifi irin wannan jariri ba laifinta ba ne. Dangin miji su kama bakinsu, a kai yaron asibiti da wuri. Leɓen da ya tsage ana ɗinke shi, ƙafar da ta murɗe ana miƙar da ita idan an fara tun yana jariri.

IDAN TA FARU A TURKENKA

Kada ka yi saurin binnewa. Ka sa leda a hannu, ka ɗauki hoton ɗan da waya, gaba da baya. Ka tuna, ko ka sa a rubuta maka: yaushe aka haife shi, wane namiji ne ya hau uwar, wane magani ko allura aka yi mata tun wata biyar ko tara da suka wuce, ina ta yi kiwo, kuma ko ta taɓa haihuwar irinsa. Ka tambayi maƙwabta ko su ma sun gani. Wannan bayani ka kai wa malamin dabbobi na yankinku. Idan ya ga abin ya yi yawa, shi zai ɗebi jinin uwar ko wani sashe na ɗan ya aika wurin bincike, kamar Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Makiyayan Aidaho ma da kai ƙara suka fara.

Bayan ya gani, a haƙa rami mai zurfi inda kare ba zai tone ba, nesa da rijiya, a binne ɗan tare da mabiyiya da shimfiɗar. A wanke hannu da sabulu. Uwar kuma a ware ta daga sauran masu ciki har mako biyu zuwa uku, sai ruwan da ke fita daga jikinta ya ɗauke.